Sati bakwai da shuka irin Strelitzia, ko ɗigon kore babu: in zubar ko in jira?

Maman_Haidar: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu lambu a taimaka min da shawara. Bara na je biki Jos, a gidan da aka sauke mu na ga wata fulawa, ganyenta kamar na ayaba amma ya fi kauri, furen kuwa sai ka rantse kan gauraka ne, tukku ruwan lemo, harshe shuɗi. Aka ce min sunanta Strelitzia, Turawa kuma suna ce mata tsuntsun aljanna. Tun ranar ta shiga raina. Na yi odar iri guda goma ta intanet, suka zo baƙaƙe wuluk, ba su kai gujiya girma ba, kowanne da ɗan gashi ruwan lemo a ka. Farkon Disamba na shuka su a robobin fenti, ƙasar tsakar gida da takin shanu. Safe da yamma ina ba su ruwa, ban taɓa fashi ba. Yau sati bakwai cif, shiru kake ji. Jiya haƙuri ya ƙare na tono biyu. Ɗaya yana nan kamar tsakuwa, yadda na sa shi haka na same shi, ɗayan ya ruɓe har yana wari. Saura takwas a ƙasa. In zubar in huta ne ko akwai sauran rai? A Kaduna nake.

Dan_Auta99: Wa alaikumus salam Anti. An ce mai haƙuri shi kan dafa dutse, amma ni ban taɓa jin an ce ya shuka shi ba 😂

Baba_Mai_Lambu: Kada ki zubar, 'yata. Na haura shekara ashirin ina sana'ar fulawa a Jos, wannan irin na san halinsa. Sati bakwai a wurinsa ko gaisuwa ba a gama ba. Mai sauri ne ke fitowa a wata ɗaya, yawanci wata biyu zuwa uku, kuma da hannuna na taɓa shuka wanda sai a wata na shida ya leƙo, bayan har na zuba wani abu daban a ledar. Amma ba ni amsar abu uku. Kin cire gashin nan na kansa? Kin jiƙa shi kafin ki shuka? Robar tana da huji a ƙasa?

Maman_Haidar: Baba ban cire ba wallahi, na zaci ta nan tsiron zai fito, har lallaɓa shi nake yi kada ya tsinke. Ban jiƙa ba kuma. Huji akwai guda biyu, da ƙusa na yi.

Baba_Mai_Lambu: To ga inda gizo ke saƙar. Gashin nan ba tsiro ba ne, abin jan hankalin tsuntsu ne, ya gani ya ɗauka ya kai irin wani wuri. A cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa shi ne ke fara yin fumfuna ya ja wa sauran ruɓa. Da farce ake tsige shi tas. Sannan ki sa irin a ruwa mai ɗumi, irin wanda za ki yi wa jariri wanka da shi, kwana ɗaya zuwa biyu, kina canza ruwan. Ni a filas nake sawa don kada ya huce. Bayan nan ki samu samfefa wurin kafinta ki ɗan goga gefe guda, kaɗan, da kin ga baƙin ya dusashe ki tsaya, kada ki kai ga farin ciki. Ƙasa kuma rabi yashi mai tsabta, rabi ƙasa mai laushi, babu ɗanyen taki ko kaɗan, iri bai san taki ba sai ya yi saiwa. Zurfi kamar gaɓar yatsa ɗaya. Ruwan safe da yamma da kike yi na alayyahu ne. Wannan danshi yake so kawai, in kin damƙi ƙasar ta haɗu amma ruwa bai ɗiga ba, to ya isa. Huji biyu na ƙusa a robar fenti kuwa, kududdufi kika yi musu.

Hajiya_Turai: Ki zuba su a kofin ruwa ki gani. Wanda ya nutse yana da rai, wanda ya taso sama fanko ne. Haka muke yi da kowane iri.

Malam_Sani_Samaru: Hajiya, wannan gwajin yana aiki a wasu iri, amma ba hujja ba ce a nan. Mataccen iri ma yana nutsewa in yana da nauyi, mai rai kuma kan yi iyo saboda iska ta maƙale a jikinsa. In ana son gwajin hannu, a matsa shi tsakanin yatsu: mai tauri a ajiye, wanda ya lotsa ya tafi.

Abin da nake son ƙarawa kan maganar Baba shi ne lokaci. Maman Haidar, a tsakiyar hunturu kika shuka. Irin nan ɗumi yake so, wajen digiri 25 ko sama kaɗan, kuma ya zauna haka dare da rana. A Kaduna da Zariya cikin Disamba da Janairu dare kan sauka ƙasa da 15, ga roba a waje cike da ruwan sanyi. Iri a haka barci yake yi, fumfuna kuwa ba ta barci. Shi ya sa kika ga ɗaya bai motsa ba, ɗaya ya ruɓe. Ki shigar da su ɗaki, ki rufe bakin tukunyar da farar leda don danshi ya tsaya, kina buɗewa kullum ta sha iska na 'yan mintuna. Ba sa buƙatar haske sai sun fito.

Abu na biyu wanda ba ki da iko a kai shi ne shekarun irin. Sabon ɗiba ya fi saurin tsirowa nesa ba kusa ba. In ya daɗe a ajiye ɓawon yana ƙara tauri, ƙarfin cikin yana raguwa. Masu sayarwa ta intanet kuwa ba kowa ke faɗin yaushe aka ɗebo ba.

Injiniya_Kabir: Gajeriyar hanya ita ce ruwan batir. Ki tsoma su 'yan mintuna ki wanke, ɓawon zai yi laushi. Na ga ana yi wa irin bagaruwa.

Nas_Rabi: Haba Injiniya! Mace mai ƙananan yara a gida za ka ce ta ajiye ruwan batir a kofi? Mun sha karɓar yaran da suka kurɓi abin da aka zuba a robar lemo. Maman Haidar don Allah kada ki soma.

Malam_Sani_Samaru: Gaskiyar Nas ce. Ana amfani da asid a wuraren bincike da manyan gandayen renon itatuwa, amma da awo, da agogo, da safar hannu da tabarau. Don iri takwas samfefa ta wadatar. Ko na bagaruwar ma, ruwan zafi ya ishe shi. Sai dai a kula, tafasasshen ruwan da ake zuba wa bagaruwa da kuka kada a zuba wa wannan, dafa shi za a yi.

Bintu_Damagaram: Ina wuninku. Mu nan wannan ba baƙon abu ba ne. Gawo ai ba ya son fitowa sai irin ya bi ta cikin akuya ko saniya, shi ya sa za ki gan shi a inda dabbobi ke kwana. Goruba kuwa sai ki manta kin binne ta, tana can tana tura saiwa ƙasa watanni kafin ki ga ganye ko ɗaya. Kakata takan ce itacen da ya yi gaggawar fitowa shi ke gaggawar faɗuwa.

Amma in faɗi gaskiya, ni na gwada wannan fulawar taku na sha kashi. Wata 'yar uwa ta kawo min mai ganye huɗu daga Abuja, tana lafiya har watan Afrilu, rana ɗaya na manta ban ja ta inuwa ba, ganyen ya ƙone kamar an yi masa guga. Na koma wa kariya abata. Irinta sati ɗaya ya fito, ba ruwanta da zafi, ga fure ja da fari a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe.

Dan_Auta99: To ai an samu mafita. Anti ki ba akuyar maƙwabta ta haɗiye, gobe da safe ki bi ta da tsintsiya.

Nas_Rabi: Auta kai dai ba ka rabo da shirme. Amma tunda ka tayar da maganar: irin nan ba na ci ba ne, yana sa amai da tashin zuciya ga yara da dabbobin gida, kuma kalar gashin tana jan idon yaro. A ɗaga shi sama. Kariyar Bintu ma ruwan jikinta dafi ne, ta fi wannan haɗari.

Wani abin mamaki da na karanta: launin gashin nan daga bilirubin yake, sinadarin da ke sa idon mai ciwon shawara ya yi rawaya. Da an ɗauka a jikin mutum da dabba kawai ake samunsa, sai a 2009 masu bincike a Florida ta Amurka suka same shi a gashin irin babbar Strelitzia mai farin fure, daga baya aka same shi a wannan ma. Kullum ina auna shi a jinin jarirai, ashe yana nan a lambu.

Alhaji_Manomi: Ni dai tun ɗazu ina karantawa ina mamaki. Wata uku kafin ya tsiro, sannan shekara nawa kafin fure? Abin da ba a ci, ba a sha, ba ya maganin komai. Da zogale kika shuka ranar da yanzu kin fara kwaɗo.

Baba_Mai_Lambu: Alhaji, shekara uku zuwa biyar in an kula da ita, wata ma ta wuce haka. Ban ɓoye wa kowa ba.

Alhaji_Manomi: Shekara biyar! Mangwaron aure ma ya riga ta. Fulawar da na sani ita ce wadda ake fanke da ita.

Hajiya_Turai: Alhaji kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kai ma na san kana da tattabaru ko dokin da ba ya noma. Kuma wa ya ce ba ta kawo kuɗi? Je ka tambayi masu kwalliyar wurin biki a nan Abuja nawa suke sayen kara ɗaya. Furen in an yanka yana yin sati ko fiye a ruwa bai yi yaushi ba, shi ya sa suke nemansa.

Maman Haidar, ni shawarata daban ce. Tunda a gidan mutane kika gani a Jos, me zai hana ki roƙi a tsaga miki ɗa ɗaya daga gindin? Nawa haka na same shi, shekara biyu ya yi fure. Wahalar iri ta mece ce?

Baba_Mai_Lambu: Hanya ce mai kyau, kuma ita muka fi bi a sana'a. Sai dai ba kowane mai gida ke yarda a taɓa masa ba, don saiwarta kauri gare ta kamar ƙananan rogo, ga saurin karyewa, kuma uwar kan yi fushi ta ƙi fure shekara guda ko biyu bayan an tsaga ta. Fulawa ce da ba ta son a dame ta. Ko a tukunya, sai saiwa ta cika ta matse take sakin fure da kyau. Masu canza mata tukunya duk shekara ganye kawai suke samu.

Abu_Kumasi: Salamu alaikum. Ni ban gane wannan dogon lissafin ba. Nawa a nan Zango shekara ɗaya bai cika ba ya yi fure, yanzu ma ya cinye min gefen katanga, sai sara nake ina zubarwa. Wataƙila ƙasarku ce ba ta da kyau.

Malam_Sani_Samaru: Malam Abu, ɗan kwatanta mana. Ganyen siriri ne mai laushi ko mai kauri kamar fata? Furen yana da shuɗin harshe a tsakiya?

Abu_Kumasi: Siriri ne, kore shar. Furen ja da ruwan lemo, babu shuɗi. Amma mai sayarwa tsuntsun aljanna ya ce min.

Malam_Sani_Samaru: To Heliconia ce gare ka, 'yar yankin Kudancin Amurka. Dangi ne na nesa, su da ayaba da citta duk zuriya ɗaya ce babba, amma halinsu ya bambanta. Taka tana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa kamar citta, ga ruwan Kumasi, dole ta cinye katanga. Sunan nan akalla tsiro uku ake kira da shi, har da wata ƙaramar bishiya mai ƙaya da jan fure da ake shukawa a bakin titi. Shi ya sa na fi son a riƙe sunan Strelitzia.

Abu_Kumasi: Ikon Allah. Shekara huɗu ina yi wa baƙi alfahari da sunan da ba nata ba.

Aminu_Durban: Ina karatu a Afirka ta Kudu, kuma nan ne asalin gidanta, yankin gabar teku ta gabas, daga Eastern Cape zuwa KwaZulu-Natal. A nan ba a ɗauke ta wata tsiya ba, a tsakiyar titi da bakin ma'aikatu ake jera ta, har hotonta ke kan tsohuwar kwandalar santi 50. Abin dariya, Maman Haidar, ɗaya daga cikin sunayenta a nan ma'anarsa furen gauraka, kin ga idonki bai yi ƙarya ba. Akwai mai ruwan ɗorawa maimakon ruwan lemo wadda lambun Kirstenbosch na Cape Town ya fitar, aka sa mata sunan Mandela a 1996.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take samun iri. Shuɗin harshen nan maƙalli ne. Tsuntsu ya sauka a kai don shan zaƙin da ke gindin furen, nauyinsa ya buɗe shi, garin furen ya manne masa a ƙafa, ya tashi ya kai wa wata. Amma ku sani yanayin nan ba irin namu ba ne, babu zafin Kano ko na Sakkwato, kuma iskar da laima. Shi ya sa ban yi mamakin jin ta fi son Jos ba, ban kuma yi mamakin abin da ya sami ta Bintu ba.

Baba_Mai_Lambu: Ɗana Aminu ka taɓo inda nake so. A lambuna ba kasafai take yin iri da kanta ba, sai na yi mata aikin tsuntsun. Da safe nake danna shuɗin da yatsa ya buɗe, in lakato farin garin da tsinke, yana da danƙo kamar zare, in shafa a kan tsinin furen wani gindi daban. In ya kama, kwanso ne zai fito mai tauri kamar katako, wata biyar ko shida ya bushe ya tsage gida uku. Irin da na ɗiba na shuka a satin, wallahi ba ya ba ni wahalar da na leda ke bayarwa.

Zainab_Leicester: Ni a cikin falo nake renon tawa don sanyin Ingila ba zai bar ta a waje ba. Ban sa a ƙasa ba da farko. Na naɗe irin a tishu mai danshi na sa a leda mai zif na ajiye kusa da hita, duk bayan kwana uku ina dubawa. Amfanin haka kina gani da idonki, ba sai kin yi ta tono ba. Cikin shida uku suka fito, na farko a sati biyar, na ƙarshe sai da ya kusa wata huɗu. Yanzu shekararsu huɗu, ganye har ƙirjina, fure ko ɗaya. Na kai ziyara lambun Kew a Landan na ga nasu, a can ne aka fara kawo ta ƙasar nan a 1773, sunan ma daga matar Sarki George na Uku aka samo shi, Sarauniya Charlotte, 'yar gidan sarautar Mecklenburg-Strelitz a Jamus. Na tsaya gabanta ina cewa ke dai tawa ki ji kunya.

Malam_Sani_Samaru: Zainab, ganye har ƙirji a shekara huɗu a cikin falo? Ki duba da kyau kada a ce babbar aka sayar miki, Strelitzia nicolai. Irinsu kusan kama ɗaya ne, baƙi da gashi ruwan lemo, amma ita tana yin kara kamar bishiya, ta haura mita shida a waje, furenta fari, kuma a ɗaki da wuya ta yi shi. Ƙaramar ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba, ganyenta daga ƙasa yake tashi, kore mai ɗan toka-toka.

Zainab_Leicester: Malam kada ka karya min zuciya da daren nan. Bari gari ya waye in ɗauki hoto.

Maman_Haidar: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Yau na juye robobin duka a kan buhu. Cikin takwas ɗin uku sun ruɓe, biyar suna nan da taurinsu. Na tsige gashin, ko in ce abin da ya rage, za su kwana a filas, gobe Baban Haidar zai karɓo min samfefa duk da dariyar da yake min. Uku zan sa a yashi yadda Baba ya ce, biyu a tishu irin na Zainab, in ga wanda zai riga.

Malam_Sani_Samaru: Da kin tambaye ni da na ce kada ki juye, ki rage ruwa kawai ki shigar ɗaki. Saiwar farko fara ce mai taushi, in ta karye shi ke nan. Amma tunda babu wanda ya fasa, ba a yi asara ba.

Baba_Mai_Lambu: A nan na saɓa da Malam. Ƙasar da iri huɗu suka ruɓe a ciki ba wurin barin sauran ba ce. Gara da ta fitar. Amma daga yau an gama tono, 'yata. Ki rubuta kwanan wata a jikin tukunya ki ɗauke ido.

Alhaji_Manomi: Allah ya ba da sa'a. In an gaji ina da irin zogale kyauta.

Maman_Haidar: Salam jama'a, na dawo da labari bayan sati biyar. Ɗaya daga na tishu ya fasa! Wani ɗan farin abu ya leƙo kamar haƙorin jariri. Ɗayan na tishun fumfuna ta kama shi na jefar, laifina ne, na yi kwana biyar ban buɗe ba da muka yi tafiya. Na yashi guda uku shiru har yanzu, kuma Baba ban tona ba, Allah shaida, duk da hannuna yana ƙaiƙayi. Yanzu wannan da ya fasa yaya zan yi da shi?

Dan_Auta99: Dutse ya dahu! Saura romo nan da 2030 😂

Baba_Mai_Lambu: Madalla. Yau ɗin nan ki mayar da shi ƙasa, kada saiwar ta yi tsawo ta kama tishu. Leda mai zurfi, ba mai faɗi ba, don ƙasa take nufa. Farin ya kalli ƙasa, ki rufe da yashi kaɗan. Za ki ƙara jiran sati biyu ko uku kafin ki ga wani tsinke kore a naɗe ya huda ƙasa, shi ne ganyen farko. Inuwa mai haske, ba rana ba, balle ga zafin Maris ya shigo. Ki kife masa kwando saboda kaji da ƙadangaru. Taki sai ya yi ganye biyu ko uku, shi ma ruɓaɓɓe, kaɗan. Ukun can kuma ki bar su har damina ta sauka kafin mu yi maganarsu.

Bintu_Damagaram: Barka Maman Haidar. Kin sa har ina jin in sake gwadawa, wannan karon a ƙarƙashin dalbejiya. Baba, in kwansonka ya tsage a tuna da mu na nesa.

Baba_Mai_Lambu: Guda huɗu ne suka kama bana, sai wajen watan Mayu in Allah ya kai mu. Zainab, har yanzu ba mu ga hoton nan ba.